Hartwell ko Nurse: aikin wa ya fi tasiri a binciken rabuwar tantani?

Ɗan'uwa, ka tambaya tsakanin Leland Hartwell da Paul Nurse wa ya fi tasiri, tunda dukansu da yis suka yi aiki, kuma tare suka karɓi kyautar Nobel ta 2001, su da Tim Hunt. Ƙirga yawan masu ambaton takardunsu ba zai raba maka gardamar nan ba. Dubi tambayar da kowannensu ya yi wa yis ɗinsa.

Hartwell, a Jami'ar Washington da ke Seattle, yis ɗin burodi ya riƙe, Saccharomyces cerevisiae, mai hayayyafa ta hanyar toho. Abin da ya ɗaure wa kowa kai a lokacin shi ne, in ka lalata ƙwayar gadon da tantani ke buƙata don ya rabu, zuriyar ta ƙare, ba ka da abin nazari. Sai ya nemi masu tawaya, wato tantanin da wata ƙwayar gadonsu ta samu lahani, irin tawayar da zafi kaɗai ke tayarwa: a digiri 23 suna yaɗuwa lafiya lau, a kai su 36 su cije. A nan ɗalibai da yawa ke tuntuɓe, domin cijewa kawai ba hujja ba ce. Tantanin da ya kasa haɗa furotin ma zai tsaya, amma kowanne a inda zafin ya riske shi. Waɗanda ake nema su ne masu tsayawa gaba ɗayansu da kama ɗaya in an leƙa ta madubin ƙara girma, ko duk ba toho, ko duk da ƙaton toho, saboda girman tohon ne ke nuna matakin da aka kai. Da wannan dabara, daga 1970, ya zaƙulo jerin ƙwayoyin gadon CDC, wato masu kula da zagayen rabuwar tantani, ciki har da CDC28 mai riƙe da matakin da ya kira Start, inda tantani ke ɗaura niyyar rabuwa.

Shi kuwa Nurse, a Edinburgh, Schizosaccharomyces pombe ya ɗauka, yis ɗin da aka fara samu a giyar geron Gabashin Afirka. Wannan ba ya toho. Tsawo yake yi, in ya kai kusan maikuromita 14 (maikuromita ɗaya bisa dubu ne na milimita) ya tsage a tsakiya. Masu tsayawa Nurse ya fara nema shi ma, amma abin da ya ɗaga shi masu gaggawa ne. A 1975 ya bayyana wani mai rabuwa tun yana rabin tsawonsa, tawayar wee1 ke nan. Kowane ɓangare ya lalace zai iya tsayar da rabuwa, amma sai mai riƙe da linzami ne zai sa ta zo da wuri. Bin wannan sawu ya kai shi ga ƙwayar gadon cdc2, mai riƙe da wannan linzami. A 1982 Nurse da abokan aikinsa suka nuna CDC28 na yis ɗin burodi na iya maye gurbinsa. A 1987, shi da Melanie Lee suka zuba ƙwayoyin gadon ɗan Adam cikin yis mai tawayar cdc2, suka ɗaga zafi. 'Yan kaɗan da suka ci gaba da rabuwa su ne suka ɗauko takwaran cdc2 na mutum, wanda yau ake kira CDK1.

Hartwell bai tsaya nan ba. A 1988, da Ted Weinert, suka haska wa yis hasken X-ray. Lafiyayye ya dakata har ya gyara DNA ɗinsa, mai tawayar RAD9 kuwa ya ci gaba da rabuwa da karyayyen DNA har ya mutu. Daga nan aka samu fahimtar shingayen bincike a cikin tantani, wato wuraren da yake dakatawa har ya tabbatar komai daidai ne kafin ya ci gaba, wadda masu nazarin ciwon daji ba sa iya magana ba tare da ita ba.

A ganinmu, wajen hanya da tunani Hartwell ne gaba, don Nurse kansa dabarar Hartwell ya ara. Wajen tabbatar da cewa injin rabuwar guda ne daga yis har mutum, babu kamar Nurse.

In za ka karanta takardunsu, yi hattara da sunaye. CDC2 na yis ɗin burodi ba shi ne cdc2 na pombe ba, furotin mai kwafar DNA yake samarwa. Haka CDC25: a pombe shi ke cire fosfet ɗin da wee1 ya ɗora wa cdc2, a yis ɗin burodi kuwa aikinsa kunna Ras, wani furotin mai isar da saƙo a cikin tantani. Kafin ka haɗa sakamakon takardu biyu, fara tabbatar da wane yis kowacce take magana a kai.