Waya ko hayar kyamara? Amsa ga mai miliyan ɗaya da rabi da labari shafi 80

Ƙanena na Tudun Wadar Kaduna, na ga tambayarka. Ka ce ka tara naira miliyan ɗaya da rabi, ka rubuta labari shafi 80 a kan rikicin gado a gida ɗaya, 'yan wasanka abokan dirama ne tun na sakandare, kuma wani amininka ya yi alkawarin ara maka iPhone 13 ɗinsa. Abin da ya hana ka barci shi ne ko ka ɗauki fim ɗin da wayar, ko ka gutsuri kaso mai tsoka ka yi hayar kyamara ta mako guda. Na yi aiki da kowacce, kowacce kuma ta taɓa ba ni kunya a gaban jama'a, don haka bari in auna maka su.

Hoto ne kowa ke fara tambaya, to mu fara da shi. Da hantsi a tsakar gida, ko a zaure da hasken ƙofa, wayar nan za ta ba ka hoton da mai kallo ba zai tsaya tambayar da me aka ɗauka ba. Bayan magariba ne ake gane babba. Farantin da ke karɓar haske a cikin waya bai wuce girman farce ba, na kyamara irin Sony A7S III ko FX3 kuwa ya kai kusan milimita 36 a kwance da 24 a tsaye. Da haske ya yi ƙasa sai hoton waya ya yi yashi-yashi, ita kuma garin gyara ta goge fuskar mutum sumul kamar an shafe shi da man kaɗanya. Baƙar fata a ɗaki mai duhu ita ta fi shan wannan wahala. Kyamara kuwa, da ƙwan fitila ɗaya da farin kwali mai mayar da haske, sai ta fito maka da hawayen tsohuwa ɗigo-ɗigo. A nan kyamara ta yi wa waya fintinkau, babu gardama.

Haka batun sa bayan mutum ya yi dishi-dishi don fuskarsa ta fito. Kyamara da gilashinta take yi, waya kuwa da lissafi take ƙirƙira, shi ya sa za ka ga ta cinye gefen mayafi ko bakin hula. Ka bar wannan kwalliyar a kashe.

Akwai tarko ɗaya da ke kama kowa a ƙasar nan, mai waya da mai kyamara. Wutar lantarkinmu tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, waya kuwa yawanci tana zuwa a saite a kan hoto 30 a daƙiƙa, irin na Amurka. In ka ɗauka haka a ƙarƙashin ƙwan lantarki za ka ga hoton yana ƙyafta ido. Ka sa ta a 25, saurin rufe idon kyamara (shutter) kuma ɗaya bisa 50 na daƙiƙa. Manhajar Blackmagic Camera kyauta ce, za ta ba ka damar kulle wannan, ka kulle launi da haske, kada wayar ta riƙa sauya ra'ayi duk lokacin da mai farar riga ya gifta.

Amma ni a wurina ba hoto ne zai raba gardamar nan ba, kwanaki ne. A ƙiyasin masu sana'a, shafi ɗaya na labari minti ɗaya ne a allo. Shafi 80 a kwana 7 ya haura shafi 11 kullum. Ƙwararrun jarumai da suka saba shiga lokeshan su fita sukan iya, amma abokanka da ba su taɓa maimaita magana ɗaya sau takwas a gaban kyamara ba, wannan gudun zai karya su. Kyamarar haya agogo ce a wuyanka: ko kun yi aiki ko ba ku yi ba, kuɗin ranar ya tafi.

Na ɗanɗana. Wata shekara a watan Agusta muka yi hayar kyamara ta kwana biyar, muna aiki a wani gida a Unguwar Rimi. Rana ta biyu ruwa ya sauko tun azahar, rufin kuma kwano ne, ko mai magana ba ya jin kansa. Rana ta uku jarumarmu ba ta iso ba sai bayan la'asar, an yi rasuwa a dangi. Batir biyu aka ba mu, ɗaya ba ya riƙe caji, ba mu kuwa gwada ba kafin mu karɓa. Muka mayar da kaya da sin (wato fitowa) tara ba a ɗauka ba. Ƙarin kwana biyu da muka roƙa, daga kuɗin editin muka yanka. Sai da muka zauna gaban kwamfutar edita sannan na ga abin da ya fi komai ƙona mini rai: a sin ɗin da uba ke tsine wa ɗansa, wanda tsohon ya yi shi har ma'aikata suka yi tsit, kyamarar ta kama labulen da ke bayansa tar, fuskarsa kuwa dishi-dishi. Yaron da ya riƙe ta ya iya kunnawa, bai iya bin fuska ba. Ashe babbar kyamara ba ta yafe kuskure.

Waya kuwa ba ta ƙirga maka kwana. In kuka ɗauki Asabar da Lahadi na wata biyu, kwana 16 ke nan, shafi 5 a rana. Za ku iya maimaita sin har ya nuna, ka kalla da daddare, in bai yi ba ku sake washegari. Ga mai fim na farko wannan ya fi kowane gilashi daraja. Sannan ba ta tara jama'a. Ka kafa babbar kyamara a bakin Kasuwar Barci ka gani, kafin ka ce a fara yara sun yi maka zobe, wani kuma ya zo yana tambayar wa ya ba ku izini. Mai waya kuwa kowa ya ɗauka hoton biki yake yi.

Sai dai jan lokaci ma da nasa haraji. Wanda ya shiga ɗaki da gemu a makon farko zai fito da aski a mako na shida. Lallen jaruma zai koɗe. In kuka fara cikin hazon hunturu kuka kai bazara, sararin sama zai tona muku asiri. Na san fim ɗin da ya mutu murus don jarumar ta yi aure ana tsakiyar aiki. Dole ka sa mutum ɗaya, aikinsa kawai ɗaukar hoton kowa da kayan jikinsa da inda aka ajiye buta da tabarma kafin a tashi. Kuma kowace rana da ka ƙara, ka ƙara tukunyar abinci da kuɗin keke na mutum goma sha wani abu. Wannan kuɗin shi ne yake cin masu ƙaramin jari ba su ankara ba.

Ga zafi. A watan Maris da Afrilu, ka ɗauki minti goma a rana, wayar za ta dusashe allonta ko ta tsaya cak. Mu a kan ledar ruwan sanyi muke ɗora ta, da tsumma a tsakani. Kuma ka tuna ita ma wayar ta aro ce, kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Rayuwar amininka tana cikinta, bankinsa da kiran mahaifiyarsa. Ku yi magana ta gaskiya tun yanzu: zai iya rabuwa da ita yini guda sau 16? In ya yarda, ka nemo masa wata ƙarama ya sa layinsa, taku kuma ta zauna babu kira.

Yanzu ga inda dukansu biyu suka faɗi jarrabawa, wato sauti. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma a fim sau da yawa ji ne ke korar mai gani. Mutum zai jure hoto mai ɗan duhu na awa ɗaya da rabi, ba zai jure minti uku yana kasa kunne bai ji abin da ake cewa ba. Fim ɗinka kuma na rikicin gado ne, kacokan magana ce. Makirufon da ke jikin waya da wanda ke jikin kyamarar miliyoyi duk jirgi ɗaya ya kwaso su, domin suna nesa da bakin mai magana. Garinmu kuwa ba ya shiru. In kana wajen Mando ko Kawo jiragen sojan sama za su shiga fim ɗinka ba gayyata. A cikin unguwa ga janareta, ga mai tallan ruwa, ga Islamiyya an taso. Mun taɓa zama ana karanta wasiyya a wani sin, kowa ya sunkuyar da kai, sai injin markaɗen maƙwabta ya tashi. Sai da na je na durƙusa na gaida Hajiyar, na biya ta kuɗin markaɗen awa ɗaya, sannan muka samu shiru. Tun daga ranar, kafin in karɓi gida, sai in je in zauna a cikinsa rabin awa ina saurare kawai, a daidai lokacin da za mu yi aiki.

Saboda haka kafin ka ware ko sisi don hoto, ka ware na mai sauti: mutum guda da na'urar naɗar murya irin Zoom ko Tascam, makirufo a kan sanda, da abin sawa a kunne, wanda ke da ikon cewa a tsaya ko da darakta bai so ba. A tafa hannu a gaban kyamara a farkon kowane ɗauka don edita ya haɗa murya da baki. A ƙarshen kowane sin kowa ya yi shiru na rabin minti a naɗi numfashin ɗakin, da shi ake ɗinke gurbin magana. Kada wani ya ruɗe ka da cewa a ɗora murya daga baya. Sabon ɗan wasa ba ya iya maimaita kukan da ya yi wata biyu baya a cikin ɗakin situdiyo.

Za a kawo maka misalai don a ƙarfafa maka gwiwa, kuma gaskiya ne. A nan Kaduna matasan The Critics suka riƙa haɗa gajerun fina-finan kimiyya da waya da koren ƙyalle, har labarinsu ya zaga duniya a 2019, daraktan Amurka J.J. Abrams ya aiko musu da kayan aiki a 2020. Sean Baker, wanda ya ci Oscar a 2025, da iPhone 5s ya ɗauki Tangerine, aka nuna shi a bikin fina-finai na Sundance a 2015. Amma ka ji sauran labarin: an kashe wa fim ɗin nan kusan dala dubu 100, ba kuma da makirufon waya aka naɗi sautinsa ba. Kuɗin kyamara kawai ya tsallake, bai tsallake na mutane ba.

Ka kuma tambayi kanka ina fim ɗin zai je. In YouTube ne, akasarin masu kallonka a waya za su gani, kuma sai tasharka ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara kafin kuɗin talla ya fara shigowa, don haka kada ka ci bashi da sunan za ka biya daga can. In kana hangen sinima ko bikin fina-finai irin KADIFF da ake yi a garin nan, babban allo yana fallasa duk abin da waya ta ɓoye, musamman sin na dare. Fim ɗin da za a sayar ko a nuna wa jama'a kuma sai ya bi ta hukumar tace fina-finai ta ƙasa, in zai shiga kasuwar Kano akwai tasu ta jiha. Ka bar musu kasonsu a lissafi, tare da na edita da ma'ajiyar bidiyo guda biyu, ba ɗaya ba. Manhajar editin ta DaVinci Resolve tana da ta kyauta, amma zaman edita na makonni ba kyauta ba ne.

In ni ne kai, da wannan labarin da waɗannan 'yan wasan, waya zan ɗauka, in sa kuɗin a sauti, abinci, fitila biyu, ƙafar kafa waya da editin. Abu ɗaya ne zai sa in sauya: in ka samu mai ɗaukar hoto da ya iya, wanda ke da kyamararsa, labarin kuma ya burge shi har ya yarda ku daidaita a kan aikin gaba ɗaya maimakon kuɗin kullum. Wannan ka riƙe shi hannu bibbiyu, domin mutumin ka samu, kyamarar gyara ce aka yi maka.

Kafin nan, ɗauko labarinka da jan biro ka ƙirga sin nawa ne na dare. In ba su fi goma ba, ka duba waɗanda za su iya komawa asuba ko la'asar sakaliya ba tare da labarin ya ji ciwo ba, taron rabon gado ai da rana ake yi. In kuwa rabin fim ɗin cikin duhu yake, ka manta da duk abin da na faɗa a kan waya. Asabar mai zuwa ka ari wayar, ka zaɓi sin mafi duhu da ya rage, ku ɗauke shi a ainihin ɗakin da za a yi aikin, ka kalle shi a talabijin babba, ba a allon wayar ba. Ka turo mini in gani, da sautinsa yadda yake.