Sharhi kan kwas ɗin koyon ɗanɗanar giyar inabi ga mai farawa

Kwas ɗin da zan yi magana a kansa na masu farawa ne, ana bin darussansa ta intanet, kuma kamfanin da ya shirya shi yana aiko wa ɗalibi da akwati har inda yake. A cikin akwatin akwai ƙananan kwalabe takwas na giyar inabi, huɗu fara huɗu ja, da kofunan gilashi guda biyu, da wasu 'yan mitsi-mitsin kwalabe na ƙamshi waɗanda shinshinawa kawai ake yi, sai ɗan littafi na rubuta abin da aka gani da abin da aka ji. Na shiga ne saboda aikina na hidimar baƙi a ɗakin cin abinci yana sa a riƙa tambayata bambancin wannan kwalba da waccan, alhali abin da na sani bai wuce abin da aka rubuta a jikin kwalbar ba. Hukuncina a taƙaice shi ne kwas ɗin ya iya koyar da baki ƙwarai, amma ya cika baki a kan abin da zai iya koya wa hanci.

Tsarin darussan ya bi hanyar da makarantun wannan fanni suka saba bi, irin wadda cibiyar koyar da ilimin giya ta WSET da aka kafa a Landan a 1969 ta shahara da ita: a duba launi, a shinshina, a kurɓa, sannan a yanke hukunci. Kofunan da aka aiko irin na gwaji ne da hukumar daidaita ma'aunin kaya ta duniya, ISO, ta fitar da ƙa'idarsu a 1977, masu faɗin ciki da tsukakken baki, suna ɗaukar kimanin mililita 215, amma ba a zuba musu fiye da mililita 50 domin a bar wa ƙamshi wurin taruwa. Darasin launi gajere ne, kuma hakan ya dace, don abin da ido ke iya faɗa kaɗan ne. An bayyana cewa ruwan yawancin jajayen inabi ba ja ba ne, launin daga ɓawo yake fitowa idan aka bar shi cikin ruwan lokacin da yis ke mayar da sukari barasa. An kuma nuna cewa farar giya duhu take ƙarawa idan ta tsufa, ja kuwa kodewa take yi tana komawa launin jan bulo. Zirin da ke gangarowa a jikin kofi bayan an jujjuya shi, wanda wasu ke ɗauka alamar inganci ce, malamar kwas ɗin ta ce yawan barasa yake nunawa, kuma ta wuce wurin ba tare da ɓata lokaci ba.

Inda kwas ɗin ya biya kuɗinsa shi ne darussan baki, kuma sirrinsu abu ɗaya ne: ba a taɓa ba ɗalibi kofi ɗaya shi kaɗai, kullum biyu ake jerawa a gabansa. Mai farawa idan aka miƙa masa giya guda aka ce ya faɗi yawan tsaminta ba shi da ma'auni, amma idan aka ajiye masa fararen giya biyu masu ɗauke da sunan inabinsu, Sauvignon Blanc ta Marlborough a Niyu Zilan kusa da Chardonnay ta Kaliforniya da ta kwana a gangar katako, nan take zai ji wadda ta fi sa yawu ya tsinke masa. Dabarar da aka koya mana ita ce a furzar da kurɓin, a sunkuyar da kai, a buɗe baki kaɗan, a lura da yadda yawu ke taruwa. Gwargwadon yawansa da daɗewarsa, gwargwadon tsamin giyar. Wannan gwaji ba ya buƙatar wata baiwa, kuma tun a zaman farko ya yi mini aiki.

Haka aka yi da bauri, wato wannan bushewa da ke kama dasashi da saman harshe bayan an kurɓi jar giya, irin wadda mutum ke ji idan ganyen shayi ya daɗe a ruwan zafi. Sinadarin tanin ne ke jawo shi, yana fitowa daga ɓawo da ƙwayar inabi, wani lokaci daga katakon ganga, kuma abin da yake yi shi ne kama furotin ɗin da ke cikin yawu har santsin baki ya ragu. Saboda haka bauri taɓawa ce, ba ɗanɗano ba ne kamar ɗaci, ko da yake masu farawa kan haɗa su. An jera mana Pinot Noir, inabi mai siririn ɓawo da ke ba da giya mai haske da laushi, kusa da Cabernet Sauvignon mai kaurin ɓawo, kuma bambancin ya fito fili har ba ya buƙatar bayani. Darasin zaƙi ya fi ba ni mamaki. Kwalbar Riesling ta yankin Mosel a Jamus tana da sauran sukari da yis bai cinye ba, barasarta ba ta wuce kashi 8 ko 9 cikin 100 ba, amma saboda tsananin tsaminta ba ta gundurar baki. Chardonnay ɗin kuwa ba ta da sukarin kirki, sai dai ƙamshin nunannun 'ya'yan itace da na banila yana sa ƙwaƙwalwa ta yi zaton zaƙi. Malamar ta ce a toshe hanci a sake kurɓa, kuma da na yi haka zaƙin Riesling ya tsaya, na Chardonnay ya ɓace. Ban ga wata hanya da ta fi wannan saurin nuna wa mutum cewa yawancin abin da muke kira ɗanɗano ƙamshi ne da ke hawa hanci ta bayan maƙogwaro ba.

Na yaba wa kwas ɗin da bai maimaita tsohuwar taswirar harshe ba, wadda ke cewa ana jin zaƙi a gaba da ɗaci a baya. An daɗe da tabbatar da cewa duk sashen harshe mai ƙwayoyin ɗanɗano yana jin kowane ɗanɗano, amma har yanzu ana samun zanen a wasu littattafan koyarwa.

Darussan hanci ne suka fi tsawo, kuma su ne suka fi rauni. An gina su a kan zagayayyen jadawalin ƙamshi irin wanda Ann Noble ta Jami'ar Kaliforniya da ke Davis ta fitar a shekarun 1980, inda ake farawa daga babban rukuni kamar 'ya'yan itace ko ganye ko kayan yaji, a gangara zuwa takamaiman abu. Tunanin mai kyau ne, kuma akwai gaskiyar kimiyya a ƙarƙashinsa, domin ƙamshin koren tattasai da ake ji a Cabernet Sauvignon da Sauvignon Blanc daga sinadaran firazin yake, irin waɗanda ke cikin tattasan kansa, ƙamshin man shanu a wasu Chardonnay kuma daga dayasitil yake, wanda ke samuwa idan ƙwayoyin bakteriya suka mayar da kakkaifan tsamin inabi zuwa mai laushi irin na madara. Matsalar ita ce 'yan kwalaben ƙamshin sun fi abin da ke cikin kofi ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma kowanne shi kaɗai yake zuwa. Mutum zai iya gane lemun tsami ko tuffa a kwalbar gwaji ido rufe, amma idan ya koma kan giyar, inda ɗaruruwan sinadarai suke cakuɗe, sai ya rasa inda zai kama. Ban da haka, da yawa daga cikin sunayen na 'ya'yan itatuwan ƙasashen sanyi ne da ba kowane ɗalibi ya taɓa ci ba, kuma hanci ba ya gane abin da ba shi da ajiyarsa a ƙwaƙwalwa.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake nuna jerin amsoshi a allo kafin ɗalibi ya gama shinshinawa. Da zarar an rubuta maka sunan wani ƙamshi, za ka ji shi ko yana nan ko ba ya nan. Wannan sanannen rauni ne ko a wurin waɗanda suka yi nisa: a wani bincike da Gil Morrot da Frédéric Brochet da Denis Dubourdieu suka wallafa a 2001, an rina farar giya da jan launi marar ƙamshi aka ba ɗalibai 54 masu karatun ilimin giya a Jami'ar Bordeaux, sai suka siffanta ta da kalmomin da ake siffanta jar giya da su. Kwas ɗin bai kuma faɗa wa ɗalibai cewa hanci ya bambanta daga mutum zuwa mutum ba. Sinadarin rotundon, wanda masu bincike a Ostireliya suka gano a 2008 cewa shi ne ke ba jar giyar Shiraz ƙamshin masoro, kusan mutum ɗaya cikin biyar ba ya jin sa ko da an yawaita shi. Ɗalibin da ke cikin wannan rukuni zai zauna da kwalbar Shiraz yana zargin kansa a banza, alhali jimla ɗaya daga malamar ta isa ta kwantar masa da hankali.

Sai kuma batun kayan da kansu. Ɗaya daga cikin jajayen kwalaben ta iso iska ta riga ta shige ta, launinta ya karkata zuwa ruwan ƙasa, ƙamshinta kamar na yankakkiyar tuffa da ta kwana. Ƙananan kwalabe da aka ɗura daga manya sun fi fuskantar wannan haɗari. Na rubuta wa kamfanin, sun amsa cikin ladabi sun aiko da wata, amma sai bayan darasinta ya wuce. Da masu kwas ɗin sun yi dabara, da sun sa darasin lalacewar giya a farko maimakon ƙarshe, domin mai farawa bai san ko giyar ce ta ɓaci ko shi ne bai iya ba. Darasin kansa, da aka zo gare shi, yana da kyau; an yi bayanin sinadarin TCA da ke shiga giya ta gurɓatacciyar toshiyar kwalba ya ba ta warin jiƙaƙƙen kwali, wanda ko 'yan nanogiram (kashi ɗaya cikin biliyan na giram) a lita guda sun isa hanci ya kama shi. Ga mai aikin hidima wannan ya fi duk jerin sunayen furanni amfani, don shi ne zai sa ya san lokacin da baƙon da ya mayar da kwalba yake da gaskiya. Shawarar sanyi ita ma ta yi daidai: farar giya tsakanin digiri 7 zuwa 12 a ma'aunin Selshiyos, ja tsakanin 15 zuwa 18, domin sanyi mai yawa yana danne ƙamshi ya fito da bauri, zafi kuma yana sa barasa ta rufe komai.

Darussan tarihi da yankuna an yi su da gaggawa, taswira bayan taswira, kuma da wuya mai farawa ya riƙe su. Labari ɗaya ne ya zauna mini, na gasar giyar Faransa da ta Kaliforniya da wani mai sayar da giya ɗan Ingila, Steven Spurrier, ya shirya a birnin Faris a 1976, inda alƙalai Faransawa suka ɗanɗana ba tare da ganin sunayen kwalabe ba, giyar Kaliforniya ta zo ta ɗaya a rukunin fara da na ja. Abin mamaki shi ne kwas ɗin da ya ba da wannan labari bai tanadi ko zama ɗaya da ake rufe sunan kwalba ba, alhali rufe suna da takarda ba ya cin komai. Ni da kaina na nemi wani ya riƙa zuba mini ba tare da na gani ba, kuma a nan ne na tabbatar cewa tsami da bauri da zaƙi da nauyin giya a baki na iya bambance su, sunayen ƙamshi kuwa rabi sani ne rabi cinta.

A kan lafiya kwas ɗin ya yi sakaci. An koyar da furzarwa a matsayin al'adar masu gwaji, wanda gaskiya ne, domin ƙwararru ba sa haɗiye abin da suke gwadawa, amma an tsaya a kan cewa a sha daidai wa daida. Hukumar binciken cutar daji ta duniya, IARC, ta sanya barasa a rukunin farko na abubuwan da ke jawo cutar daji tun 1988, kuma a Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin barasa da za a ce ba shi da haɗari ga lafiya. Kwas ɗin da ke jawo sababbin mutane zuwa ga giya ya kamata ya faɗi wannan ƙarara. Mutane da yawa kuma ba sa kusantar barasa saboda addini ko ciki ko magani ko tarihin jaraba, kuma kwas ɗin a yadda yake ba nasu ba ne. Kamfanin yana da akwati na giyar da aka cire wa barasa, wadda dokar Tarayyar Turai ta 2021 ta ƙayyade kada barasarta ta wuce kashi 0.5 cikin 100, amma bidiyoyin ba a sake su domin wannan akwatin ba, ga shi cire barasa yana rage wa giya nauyi a baki har masu yin ta kan ƙara sukari don cike gurbin, abin da zai rikita darasin zaƙi gaba ɗaya.

Wanda zan ba shawarar ya yi rajista shi ne mai aikin otal ko gidan cin abinci ko shagon sayar da giya da yake son ya iya yi wa baƙo bayani a jimla biyu ba tare da kame-kame ba, da kuma mai sha da ke son sanin dalilin da ya sa wata kwalba ta yi masa wata ba ta yi ba. Idan ya shiga, ya fara da darasin lalacewar giya, ya rufe allo har sai ya rubuta abin da ya ji da kalmominsa, ya kuma buɗe kwalabe biyu-biyu a ranar darasinsu kawai, domin ƙaramar kwalba da aka buɗe ba ta kai washegari da ƙamshinta. Wanda ke neman takardar shaida da ake karɓa a wurin neman aiki kuwa, takardar da wannan kwas ke bayarwa ta halarta ce kawai, babu jarrabawa a bayanta.