Madubin gwajin AdBlue da na saya, ya kama min mai ha'inci amma da saura

Wata uku kenan da na sayi ɗan madubin nan na gwada ruwan AdBlue (ruwan da ake zuba wa motar dizal a tankinsa daban don tace hayaƙi), rifiraktomita suke ce masa, kuma wallahi abin da ya nuna min ranar farko har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

DAF ɗina ce ta fara kunna wuta a dashbod, direbana ya ɗauko masara daga Giwa zai yi Legas, ko Jaji bai wuce ba mota ta rage ƙarfi, yana takawa tana ƙin ja. Makaniki ya ce nozul ɗin da ke fesa AdBlue ne muka canza, sati biyu ta sake. Wani abokina mai tireloli a Kwangila shi ya ce min Alhaji kar ka ƙara kashe ko sisi sai ka gwada abin da kake zubawa a tankin nan.

Aikin ba wuya, ɗigo biyu za ka sa a kan gilashin ka rufe murfin ka ɗaga wajen haske ka leƙa, inda shuɗi ya rabu da fari nan ne lambarka. Na ƙwarai yuriya ce kashi 32.5 cikin ɗari, sauran 67.5 tataccen ruwa, ƙa'idar ISO 22241 ma tsakanin 31.8 da 33.2 kawai ta yarda. Jarkar da na ɗauko wajen mutumin da na shekara biyu ina ciniki da shi, muna gaisawa har iyali, 23 ta nuna. Na ce ko madubin ne, na wanke shi na saita da ruwan batir mara asid ya tsaya a sifili, na sake har sau uku, 23 dai. Ashe ruwa ake ƙara mana! Shi ya sa hayaƙin baya tacewa a salansa, sensa ta gani, kwamfutar mota ta danne injin. Na je shagon na gwada a gabansa, sai cewa ya yi ranka ya daɗe haka aka kawo min. To murfin jarkar da aka ɓalle aka mayar fa, shi ma haka aka kawo?

A nan kam madubin ya biya kuɗinsa, duk mai babbar mota ya ajiye ɗaya a gidan gaba.

Amma fa ina da ƙorafi. Rubutun ciki ƙanana ne sosai, da magariba ba ka ganin komai sai da tocila, murfin robar kuma tun wata na biyu ya fara lilo. Babban abin da ya dame ni, wanda ya sayar min da madubin cewa ya yi yana kama kowane irin jabu, kuma ba haka bane. Yawan yuriya kaɗai yake aunawa. Ga takin yuriya ko'ina a garin nan, mutum ya jiƙa shi da ruwan bohol ya daidaita zuwa 32.5, madubi zai ce lafiya lau, alhali gishirin ruwan nan da dattin takin su ne ke toshe nozul su kashe katalis, abin da ke tace hayaƙin a salansa, mai tsadar kenan. Da na san haka tun farko da ban saki jiki ba.

Yanzu sai na haɗa da duba murfin jarka da ranar da aka yi ruwan, na kuma daina ɗaukar jarkar da ta wuni a rana bakin titi tunda zafi na lalata shi. Jarka huɗu na nan a gareji, har yau mai AdBlue ɗin bai dawo min da kuɗina ba.