Jami'ar gida ko ta nesa: lissafin da ya kamata iyaye su yi kafin yaro ya karɓi gurbi

Da zarar sakamakon JAMB ya fito, hirar majalisa a Bauchi takan koma kan maki: ɗan wane ya ci nawa, 'yar wance ta haura 250. Maganar kuɗi ce ba a cika zama a kanta ba. In ma an taɓo ta, sai wani ya ce, "Ai yaron yana da ƙoƙari, zai samu sikolashif." Wannan zaton ya sa gidaje da yawa sun zaɓi makarantar da ta fi ƙarfin aljihunsu, domin a Najeriya yawancin tallafin karatu na hazaƙa ba a bakin ƙofar shiga ake bayar da shi ba. Sai yaro ya shiga, ya yi shekara ɗaya ko biyu, an ga sakamakonsa, sannan ake saurarensa.

Dubi manyan da aka sani. Tallafin Hukumar Bayar da Tallafin Karatu ta Tarayya na masu karatu a cikin gida yana neman ɗalibin da ya kai aji biyu zuwa sama, mai CGPA, wato matsakaicin makinsa na jami'a, 4.0 cikin 5.0. Na gidauniyar MTN ya fi karkata ga 'yan aji uku masu karanta kimiyya da fasaha a makarantun gwamnati, kuma 3.5 ake nema. Kamfanonin mai irin su NLNG, TotalEnergies da Chevron su ma ɗaliban da suka riga suka shiga jami'a suke kira, su yi musu jarrabawa a kwamfuta, su zaɓi kaɗan daga cikin dubbai. PTDF, asusun bunƙasa fasahar man fetur, kuwa kwasa-kwasan da suka shafi mai da iskar gas take dubawa. Akwai na hukumar tallafin karatu ta jiha, wanda ake nema da takardar shaidar ƙaramar hukuma, amma shi a ɗauke shi a matsayin ƙari, ba jari ba. Ke nan kuɗin rajistar shekarar farko, da na ɗaki, da katifa, da abinci, duk daga gida za su fito, ko da yaron shi ne zakaran makarantarsu.

Daga nan wani abu ya biyo baya da iyaye ba su cika son ji ba. Tunda CGPA ce ke jawo tallafi, yaron da aka bari ya karanta abin da kansa ke ɗauka ya fi kusa da samu a kan wanda aka tura kwas mai suna yana ja da ƙyar. Ɗalibin lissafi ko kimiyyar kwamfuta mai 4.3 yana da ƙofofi a buɗe. Wanda aka matsa wa sai injiniya, yana fama da kwasa-kwasan da ya faɗi, ba mai ba shi ko sisi. Kowane gida yana son likita, na sani, amma gurbin likitanci ƙayyadadde ne: MDCN, hukumar kula da aikin likitanci, ce ke yanke wa kowace jami'a adadin da za ta ɗauka, kuma ko an shiga, faɗuwa a jarrabawar ƙwarewa kan sa a sauya wa ɗalibi kwas bayan ya ɓata shekaru.

Sai a fahimci yadda ake rabon gurbin kansa. A jami'o'in tarayya, kashi 45 cikin ɗari na cancanta ne zalla, kashi 35 na jihohin da ke kewayen jami'ar, kashi 20 kuma na jihohin da aka ɗauka suna baya a ilimin boko, kuma Bauchi da Gombe duk suna cikinsu. Wannan shi ya sa makin da zai shigar da ɗan Bauchi Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) ba lallai ya shigar da shi kwas iri ɗaya a Legas ko Ibadan ba. Mafi ƙarancin makin da aka amince da shi a 2025 shi ne 150 ga jami'o'i, 100 ga kwalejojin fasaha da na ilimi, amma kada wannan ya ruɗi kowa. Ƙasa ce aka shata, kowace jami'a tana ɗora nata a kai, kowane sashe kuma yana da nasa. A sakamakon farko da aka fitar a 2025, cikin sama da mutum miliyan 1.9 da suka zauna jarrabawar, fiye da miliyan 1.5 ba su kai 200 ba. Saboda haka mai 230 ya yi ƙoƙari sosai, sai dai a likitanci ko lauya zai tarar da irinsa jibge.

To, ina za a nufa? Ga mazaunin cikin garin Bauchi, ATBU ce ta farko a lissafi. An kafa ta a 1980 a matsayin jami'ar fasaha, kuma har yau ƙarfinta yana wajen injiniya, kimiyya, aikin gona da fannin gine-gine, ga kuma likitanci da asibitin koyarwa a cikin gari. Abu biyu ne ake mantawa. Na farko, yawancin digirinta shekara biyar ne, ba huɗu ba, don haka a ƙara shekara guda a kasafi. Na biyu, harabarta biyu ce, Yelwa da Gubi. Wanda sashensa ke Yelwa zai iya kwana a gida ya ci tuwon gida. Na Gubi kuwa, wadda ke wajen gari ta hanyar Ningi, ko dai ya samu ɗakin kwanan ɗalibai ko kuɗin mota ya zama wani kuɗin makaranta na biyu. A tambayi inda sashen yake tun kafin a cika fom.

Yaron da hankalinsa ke kan lauya, harsuna ko kimiyyar zamantakewa, jami'ar jiha ta fi dacewa da shi, wato Jami'ar Sa'adu Zungur, wadda aka fi sani da jami'ar Gadau. Tana da harabobi a Gadau, Misau da Bauchi, kuma ɗan jiha yana da fifiko wajen gurbi. Ga mutanen Katagum, Jama'are da Misau wannan kusan karatu ne a ƙofar gida. A Azare kuma akwai Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya da aka kafa a 2021. Sabuwa ce, kuma duk sabuwar makaranta, kowace ce, abin da ake fara bincika shi ne ko kwas ɗin da ake so ya samu amincewar NUC, hukumar kula da jami'o'i, da ta hukumar da ke kula da sana'ar. Wannan ba raini ba ne. Ko a tsohuwar jami'a akan buɗe sabon sashe, kuma shaidar NUC daban, ta MDCN ko COREN, hukumar injiniyoyi, daban.

Gombe ba nisa, kuma 'yan Alkaleri da Kirfi ma ta fi musu kusa da wasu sassan jiharsu. Jami'ar Jihar Gombe, wadda aka kafa a 2004, a tsakiyar gari take, a Tudun Wada, tana da likitanci, haɗa magunguna da lauya. Sai dai jami'o'in jiha sukan bambanta kuɗin ɗan jiha da na baƙo, don haka ɗan Bauchi ya nemi jadawalin kuɗin da ya shafe shi, kada ya yi lissafi da na abokinsa ɗan Kumo ta jihar Gombe. Jami'ar Tarayya ta Kashere, ta 2011, ba ta da wannan bambanci, amma a ƙauye take, kuma maganar masauki ita ce tambaya ta farko, musamman ga 'ya mace.

ABU Zariya, BUK, Jami'ar Maiduguri da ta Jos sun fi tsufa, sun fi yawan kwasa-kwasai, kuma gasar ta fi zafi. Idan kwas ɗin da yaro ke so babu shi a gida, ko makinsa ya isa ya yi gogayya, a bar shi ya tafi. Idan kuwa kwas ɗaya ne da wanda ake yi a Yelwa, ban ga dalilin da uba mai albashi ɗaya da 'ya'ya shida zai ɗora wa kansa kuɗin haya da na mota don suna kawai ba. Masu bayar da tallafi sakamako suke dubawa kafin sunan makaranta.

Abin da ya sauya lissafi a 'yan shekarun nan shi ne NELFUND, asusun bashin karatu da ya fara karɓar masu nema a watan Mayun 2024. Yana biyan kuɗin rajista kai tsaye ga makaranta, kuma wanda ya nema ana ba shi naira 20,000 duk wata don ɗawainiya. Babu kuɗin ruwa a ciki, wanda shi ne abin da iyaye da yawa a nan ke fara tambaya. Ana fara biya shekara biyu bayan kammala bautar ƙasa, ta hanyar cire kashi 10 cikin ɗari na albashi. Amma bashi ne, ba kyauta ba, kuma da sunan yaron aka rubuta shi, don haka a zauna da shi a yi shawara. Sannan sai wanda ya riga ya samu gurbi ne ke nema, kuma na makarantun gwamnati ne kaɗai.

Wannan na ƙarshen ya shafi masu tunanin jami'a mai zaman kanta. Abin da ake saya a can shi ne lokaci. Wanda ya ga yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, na 2020 da ya ci wata tara, da na 2022 da ya ci wata takwas, ya san darajar kalandar da ba ta tsayawa. Sai dai babu NELFUND, yawancin tallafin da na ambata a sama ma ba su karɓar ɗalibanta, kuma rangwamen da wasu ke yi wa masu maki da yawa yakan zo da sharaɗin riƙe wani matakin CGPA. A nemi sharaɗin a rubuce. Wanda ba zai iya biyan cikakken kuɗin shekara huɗu ba idan rangwamen ya faɗi, kada ya fara.

Ƙasar waje kuwa, a yi hattara ninki biyu. Shirin tallafin karatu na BEA da ya riƙa tura ɗalibai Rasha, Maroko, Aljeriya da Hangari, gwamnatin tarayya ta sanar da dakatar da shi a 2025, bayan ɗaliban da ke can sun daɗe suna kukan rashin biyan alawus. Yaƙin Sudan na Afrilun 2023 ya dawo da ɗimbin 'ya'yan Arewa gida karatu a rabi. A Janairun 2024 an dakatar da tantance digirin Jamhuriyar Benin da Togo saboda badaƙalar takardun bogi. Wanda ya yi likitanci a waje ma sai ya ci jarrabawar MDCN kafin ya taɓa majiyyaci a Najeriya. Duk dillalin da ya ce a kawo kuɗin fom yana da hanyar sikolashif, a tambaye shi sunan jami'ar, a duba ta da kai.

Idan maki bai kai ba, zama a gida a jira baɗi ba shi ne kaɗai zaɓi ba. Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Gwallameji, ta jiha ta Tatari Ali, Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh a Azare da ta Kangere duk hanyoyi ne. Mai difloma ko NCE mai kyau yana iya shiga jami'a daga aji biyu, haka ma wanda ya yi IJMB, shirin share fagen shiga jami'a. Hanyar ta fi tsawo, kuma har yanzu ana nuna wa mai babbar difloma ta HND bambanci a wasu wuraren aiki, amma ta fi shekara uku ana maimaita JAMB.

Ko wace aka zaɓa, gurbin da bai bayyana a CAPS, shafin JAMB na bayar da gurbi, ba, ba gurbi ba ne, kuma matsalar takan fito ne a ƙarshe, lokacin tafiya bautar ƙasa. A tabbatar an ɗora sakamakon WAEC ko NECO a shafin, da kiredit biyar har da Turanci, da kuma lissafi ga kwas ɗin da ke buƙatarsa. A duba cewa suna da ranar haihuwa iri ɗaya ne a NIN, JAMB da takardar sakandare, domin harafi ɗaya kan hana ɗalibi NELFUND ko tallafin kamfani. Lambar sirrin shafin kuma ta zauna a hannun yaron da mahaifinsa, ba a hannun mai shagon intanet ba, don idan aka danna amincewa da kwas ɗin da ba a so, warware shi ba ƙaramin aiki ba ne.