Tsarin intanet na gida mara iyaka: sauri da safe, cunkoso da dare

Tsarin da na gwada shi ne wanda ake biya wata-wata, a ba mutum rauta (na'urar raba intanet a gida) mai kama 4G da 5G, tare da alkawarin data mara iyaka da saurin da zai iya kai megabit 100 a daƙiƙa. Haɗa na'urar ba shi da wahala, kuma da sassafe gwajin Speedtest yakan nuna adadi kusa da wanda aka alkawarta.

Da dare ya yi kuwa, labari sai ya canja. Duk masu kama sabis daga turken sadarwa guda raba ƙarfinsa suke yi, kuma lokacin ne kowa yake gida. Kallon fim mai ingancin 4K a Netflix yana iya cin gigabait 7 a awa ɗaya, wasu wasannin kwamfuta kuma sun haura gigabait 100. Idan masu sauke irin waɗannan suka haɗu, kiran bidiyo, wanda megabit 4 ya ishe shi, sai ya riƙa yankewa, domin bayanansa suna jira a bayan manyan fayiloli.

Maganin da kamfanin ya zaɓa shi ne ya fi damuna. A cikin sharuɗɗansa akwai wani adadin data na wata, wanda idan mutum ya wuce shi za a rage masa sauri har ƙarshen watan. Wannan mataki bai bambanta wanda ya sauke fayil da ƙarfe 3 na dare, lokacin da hanya take fayau, da wanda ya sauke shi da ƙarfe 8 na dare ba, alhali na biyun ne kaɗai ya takura wa wasu. Akwai hanyar da ta fi wannan adalci. A Amurka, bayan hukumar kula da sadarwa ta FCC ta sami kamfanin intanet na Comcast da laifin toshe wa masu amfani da BitTorrent (tsarin musayar manyan fayiloli) hanya a 2008, kamfanin ya koma mayar da masu yawan saukewa baya a layi a lokacin cunkoso kawai. Sannan, a ganina, kamfanin da ya ɗora wa turke guda masu biya fiye da ƙarfinsa bai kamata ya ɗora musu laifin duka ba.

Kuɗin ba asara ba ne ga wanda zai iya barin manyan saukewa zuwa tsakar dare. Wanda aikinsa ya dogara da taron bidiyo da yamma kuwa, ya nemi a rubuta masa adadin watan da saurin da ake mayar da mutum bayansa kafin ya biya.