Tun Ran Gini Tun Ran Zane: Wane Launin Fenti Za Ka Saya Wa Ɗakinka?

Bara da aka ɗaura auren ƙanwata, mu ne muka je jere. Da hantsi muka isa, motar kaya na biye da mu, ana ta guɗa a ƙofar gida. Muna shiga falo kowa ya yi tsit. Ango, da kyakkyawar niyyarsa, ya sa an shafe bango huɗun nan da fentin mai ruwan hanta, tun daga ƙasa har silin. Taga ɗaya ce a falon, ita ma katangar maƙwabta take kallo. Gwaggonmu ta ce, "Ku kunna mana fitila mana, 'yan nan." Fitilar kuwa a kunne take. Kujerun da Baba ya yi wata shida yana biyan kuɗinsu ruwan toka ne mai haske, labulen shuɗi, amma da aka jera su sai ka ce aro aka yi daga wani gida. Ba a rufa wata uku ba ƙanwata ta koma wuni a tsakar gida. Ta ce in ta zauna a falon ji take kamar an danne mata ƙirji. Da aka tashi gyara, sai da aka goge bangon da sanfefa, aka bi da shafe uku kafin jan ya daina leƙowa.

Ban ga laifin kowa ba a nan, haka al'adarmu ta zo: miji ke gyara gida, iyayen amarya ke sayen kayan ɗaki, kuma kunya kan hana ɓangare ɗaya tambayar ɗayan. Don haka in aure ne ya sa kake neman fenti, kafin ka taka kasuwa ka aiki ƙanwarka ko wata yayarka ta ji maka launin kujeru da labule da kafet. Canza fenti ya fi canza kujeru sauƙi, shi ya sa bango ne ya kamata ya bi kaya.

Mutane kan tambaya, wai da gaske launi na taɓa zuciya? Yana taɓawa, amma ba yadda masu talla ke zuzutawa ba. A 2005 wasu masana biyu na Jami'ar Durham da ke Ingila sun duba sakamakon dambe da kokawa da tekwando na gasar Olamfik da aka yi a Atina a 2004, inda ake raba wa 'yan wasa ja ko shuɗi ba tare da zaɓinsu ba. Sai suka ga masu jan kaya sun ci kimanin kashi 55 cikin ɗari na karawar. Ja yana da wani abu da ke motsa jini. A ɗaya gefen kuma, a 1979 an shafe wani ɗakin tsare sojojin ruwa a birnin Siyatil na Amurka da ruwan hoda, aka baza labari cewa yana sanyaya masu faɗa, gidajen yari da dama suka kwaikwaya. Da aka sake gwajin da kyau a Suwizalan shekaru da yawa bayan haka, ba a ga wani bambanci ba. Saboda haka duk wanda ya ce maka launi kaza na maganin fushi ko yana ƙara wa yaro basira, kada ka ba shi kuɗinka a kan wannan.

Abin da ba shi da tantama shi ne haske. Farin bango yana mayar da fiye da kashi 80 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kansa, launi mai duhu kuwa shanye mafi yawansa yake yi. Gidajenmu da yawa, musamman na cikin gari da na haya, tagoginsu ƙanana ne, an yi musu raga da ƙarfe, an kuma saukar da labule mai kauri saboda sutura da ƙura. Ga wutar lantarki da ba ta zama. Ɗakin da dama haskensa kaɗan ne, in ka ƙara masa bango mai shan haske, ka mayar da shi kogo, kuma wadda ke wuni a ciki ita za ta ji a jikinta. Wannan ne ya sami ƙanwata.

To sai a ce a sayi fari kawai a huta? A nan ne hunturu ke shigowa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙura ba ta neman izini, kuma farin da ya yi fat shi ne ke fara tona asirinta: saman ƙofa, bayan labule, inda yara ke dafawa, inda ake jingina kai. Ga shi da rana tsaka yana kashe ido in taga babba ce, da dare kuma a ƙarƙashin farin ƙwai sai ɗakin ya koma kamar na asibiti. Ni dai fari tas na bar wa silin, can ne yake aikinsa, yana ɗaga ɗaki yana watsa haske. A bango na fi son ruwan madara ko ruwan ƙasa mai haske sosai, irin launin rairayi. Ba banza ba kusan kowane gida ka shiga shi za ka tarar. Launin ƙurarmu ne, don haka yana rufa mata asiri, yana karɓar kowace irin kujera, kuma ido na hutawa a kansa. Sai dai a kula: akwai ruwan madarar da ya karkata zuwa rawaya da yawa, wanda bayan shekara ɗaya yake komawa kamar bangon da hayaƙi ya taɓa.

Ruwan toka shi ake yayi yanzu, kowa ya gan shi a hotunan Instagram. Yana da kyau a falo mai faɗi, mai manyan tagogi da farin silin da tayil mai haske. A ƙaramin ɗaki mai taga ɗaya kuwa kama yake da filastar da ba a gama ba, kuma in hazo ya sauko, waje toka ciki toka, zuciya ba ta samun inda za ta sake. In dole sai shi, ɗauki mafi haskensa, wanda ke da ɗan ɗumin ruwan ƙasa a ciki, ka guji mai karkata zuwa shuɗi.

Ɗakin kwana shi ne na fi so a tsaya a yi tunani a kansa, domin a nan mutum ke sauke gajiya. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, watan Afrilu zafi kan haura digiri 40. Fentin cikin ɗaki ba zai rage maka zafin nan ba, wannan aikin rufi ne da silin da iska. Amma shiga ɗakin da aka shafe da ruwan bula mai haske ko tsanwa mai laushi da azahar, sannan ka shiga mai ruwan goro, za ka ji ido ya faɗa wa jiki magana biyu daban. Tsakanin shuɗi da kore, kore ya fi haƙuri. Shuɗi yana da kyau ƙwarai a ɗakin da ke kallon yamma, wanda ranar la'asar ke dukansa, don yana kashe kaifin jan hasken nan. Amma a ɗakin da rana ba ta shiga, ko da asubar hunturu, yakan yi sanyi da kaɗaici. Kore mai laushi, irin na ganyen zogale da ya fara bushewa, yana tafiya da katakon gado da sif, yana tafiya da zafi da sanyi duka. Wanda nake roƙo a bari shi ne koren nan mai ƙarfi da shuɗi ruwan omo, waɗanda suka dace da ƙofar shago. Ido ba ya iya kwana da su.

Ja da ruwan goro da ruwan ɗorawa launukan hira ne da cin abinci da walwala. Ba na cewa a kore su daga gida. Bango ɗaya ya ishe su, ko bayan talabijin, ko wajen cin abinci, sauran ukun a bar su da haske. Ruwan ɗorawa mai laushi yana raya kicin da lungun da ke da duhu. Ɗakin yara kuma, maimakon a cika shi da launi biyar, a yi bango mai sauƙi, kayan wasansu da zanen gadonsu sun isa ado. Ruwan hoda na ɗakin amarya yana da kyau in ya yi haske kamar an diga shi a cikin madara. In ya yi kauri, wata shida ya isa a gaji da shi.

Kakanninmu sun riga mu sanin wannan. Dubi tsoffin gidajen Zariya da Kano da Birnin Damagaram: zane da launuka masu ƙarfi a fuskar zaure suke, inda mai wucewa zai gani ya wuce. Cikin ɗaki kuwa farar ƙasa ake shafawa, sai jeren tasoshi da kwanukan samira da faifai masu launi su ƙawata shi. Masu adon gida na zamani suna da ƙa'idar da suke kira 60, 30, 10: kashi 60 launi mai natsuwa a bango, 30 na kujeru da labule, 10 na ƙananan kayan ado masu ɗaukar ido. Da na fara jin ta, ɗakin kakata ne ya faɗo mini a rai.

Bayan launi sai nau'in fenti, domin launi ɗaya kan fito da fuska daban-daban. Fentin ruwa, wanda masu shago ke kira emolshan, ba ya ƙyalli, yana ɓoye ƙananan ramukan filasta, ya fi araha, warinsa ba ya daɗewa. Matsalarsa, mai arha daga cikinsa in ka goga tsumma sai ya biyo hannunka. Satin ko silik yana da ɗan sheƙi, ana goge shi da jiƙaƙƙen tsumma, shi ya fi dacewa da falo da ɗakin yara da hanyar wucewa. Ya fi tsada, kuma yana tona duk wani tudu da kwari na bango, don haka sai an yi sikiridin mai kyau, wato shafen da ke daidaita fuskar bango, kafin a shafa. Fentin mai na ƙofa ne da taga da ƙarfe, sai ko ƙasan bangon kicin; a bangon ɗaki gaba ɗaya yana ƙara wa launi nauyi, yana walƙiya a ido, in kuma bangon na tsatsafar da ruwa da damina sai ya kumbura ya ɓare. Tekskot mai gurza-gurza a bar shi a waje, cikin ɗaki matattarar ƙura ne, yana kuma kurje gwiwar hannun yara.

Akwai maganar da ba zan tsallake ba game da fentin mai. Wasu daga cikinsa, musamman ja da rawaya masu ƙarfi, ana haɗa su da dalma. Duk wanda ya tuna yaran da muka rasa a Zamfara a 2010 ya san abin da gubar dalma ke yi, ko da yake waccan daga haƙar zinariya ta fito. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma da za a kira marar lahani a jikin yaro, kuma yaro mai rarrafe yana ɓantarar bango ya kai baki. Karanta jikin gwangwani, nemi wanda aka rubuta babu dalma a cikinsa, ko ka tsaya a kan fentin ruwa a duk inda yara ke wasa.

A kasuwa, ko Ƙofar Ruwa ce a Kano ko wani shagon unguwa, za ka tarar da manyan sunaye irin su Dulux da Sandtex na kamfanin CAP, da Berger da ke Najeriya tun 1959, da Meyer, sannan ga ɗimbin na ƙananan masana'antu da ake haɗawa a gida. Cikin na gidan akwai masu kyau, akwai kuma waɗanda rabinsu alli ne da ruwa. Kada ka auna da kuɗin bokiti, auna da yawan shafen da zai buƙata. Fenti mai kyau lita ɗaya kan rufe wajen murabba'in mita 10 a shafe ɗaya. Ɗaki mai ƙafa sha biyu sha biyu, in an cire ƙofa da taga, bangonsa bai wuce murabba'in mita 40 ba. Shafe biyu ke nan lita 8, wato galan biyu masu lita huɗu-huɗu. Mai arha kan ci shafe uku ko huɗu, ga kuɗin mai aiki, ga shi ya koɗe kafin shekara ta zagayo. Araha ba ta ado. Duba murfi ko a rufe yake da hatiminsa, kuma in haɗa maka launi za a yi, a haɗa duk abin da kake buƙata lokaci guda, domin haɗi na biyu da wuya ya fito daidai da na farko. Sabuwar filasta kuma a ba ta kamar mako huɗu ta bushe, in ba haka ba gishirin siminti zai huda fentin ya fito fari-fari.

Ƙwan lantarki ma rabin fenti ne. Duba kwalinsa: wanda aka rubuta 6500K farin haske ne mai kaifi, shi ne ya cika kasuwa, shi ne kuma a yawancin fitilun caji da na sola. Yana sa ruwan madara ya dushe, shuɗi ya ƙara sanyi. Mai 2700K ko 3000K haskensa ɗumi-ɗumi ne kamar na fitilar ƙwai, ya fi dacewa da ɗakin kwana, don farin haske mai kaifi da dare yana jinkirta barci.

Saboda duk wannan, kada ka yanke hukunci a kan ɗan katin launi da ke hannun mai shago, balle hoton waya. Launi a bango kullum ya fi yadda yake a kati ƙarfi, don haka in ka ga wanda ya burge ka, ɗauki na kusa da shi da ya fi haske. Sayi ƙaramin gwangwani, a shafa faɗin tabarma a bango biyu, na kusa da taga da na nesa da ita. Dube shi da safe, da la'asar, da dare a hasken da kuka saba amfani da shi. Kawo matashin kujera da gefen labule ka kara a jiki. Kuma ka kira wadda za ta wuni a ɗakin ta gani da idonta.

Haka muka yi a gyaran falon ƙanwata. Launi uku muka shafa a gefen taga, muka bar su kwana biyu. Ita ta zaɓi ruwan rairayi, mijin ya roƙi a bar masa ruwan hantarsa a bango ɗaya, bayan talabijin, aka bar masa, aka kuma sauya labulen da mai shara-shara a ciki, mai kauri a waje. Ranar sunan ɗanta a falon nan muka wuni mu goma sha, Gwaggo na kan doguwar kujera tana tsintar shinkafa a hasken taga, fitila a kashe.