Kantar kwali, ta kafinta ko ta ƙarfe: wacce za ta ɗauki kayanka?

Kantocin da ake sayarwa cikin kwali, a kai gida a haɗa da sukurori, sun yawaita a shagunan Yamai. Ga kyau a ido, ga sauƙin ɗauka. Sai dai ba kasafai mai shago ke faɗin kilo nawa kowane hawa zai ɗauka ba, mai saye ma ba ya tambaya sai falanki ya yi ciki.

Yawancinsu da ɓarzajjen katako ake yi, a kwaɓa da gam, a matse, a lulluɓe da wani abu mai sheƙi. Kamfanin IKEA na ƙasar Suwidin ya rubuta kilo 30 ga kowane hawa na kantar littattafansa Billy mai faɗin santimita 80, kilo 13 kuma ga kowane gida na kantarsa Kallax mai gida-gida. In kwalin da ke gabanka bai zo da lamba ba, ka yi lissafi ƙasa da haka. Kuma lambar ta kayan da aka baza ne daga gefe zuwa gefe, ba wanda aka jibge a tsakiya ba. Kilo 30 ba wani abin kirki ba ne: bandir 12 ke nan na takardar A4, tunda kowanne kilo 2 da rabi ne. Jerin tangaran na ɗakin amarya zai iya kai wa nan ba a ankara ba.

Abu biyu nake fara dubawa, tsawon falanki da kaurinsa. In aka ninka tsawo, kaya na nan yadda suke, lanƙwasar takan ninku sau 8. Kauri kuwa akasin haka yake yi: falankin milimita 18 ya fi na 15 tauri da kusan kashi 70 cikin 100, alhali a ido kusan ɗaya suke. Don haka ka je da abin awo a aljihu. Hawa mai tsawon mita guda babu tokari a tsakiya, a bar shi ga hotuna da kwalaben turare. Ka leƙa ƙarƙashi kuma: wasu hawan a kan ƴan turaku 4 na roba kawai suke zaune, na ƙarfe sun fi.

Babban aibin ɓarzajjen katako shi ne ruwa. Gugar ƙasa kullum, laimar damina daga Yuni zuwa Satumba, ko na'urar sanyaya ɗaki mai aiki da ruwa, duk suna kumbura shi, kuma in ya kumbura ba ya komawa. Sannan a hankali yake sakin jiki, hawan da ya miƙe yau zai iya lanƙwasa baɗi da kayan nan dai.

Wanda littattafai ko kwanuka zai jera, gara ya sayi falankin kontirplake (siraran fallen katako da aka manne da juna) na milimita 18 ko katako na gaske a kasuwar Katako, ya ba kafinta, ya ce a sa tokari duk santimita 60 zuwa 70. Kuɗin kan fi, kuma sai an kula da gara, amma yana riƙe sukuru ko an kwance an sake ɗaurawa, abin da kantar kwali ba ta jurewa in ana ƙaura. Buhun shinkafa mai kilo 25 da jarkar mai kuwa aikin mai walda ne, a yi musu kantar ƙarfe a huta.

Kowacce ka zaɓa, kaya masu nauyi a hawan ƙasa, kuma doguwar kanta a ɗaure ta da bango. A 2016 IKEA ya janye durowoyi miliyan 29 a Amurka bayan wasu sun kife kan yara sun mutu. Bangon siminti na riƙe sukuru in an sa masa matoshin roba. Na laka ba ya riƙewa, can sai gajeriyar kanta mai faɗin gindi.